Suna na Aro, Aikatau na Gida: Nazarin Hausar Masu Wasan Harbi na Salula a Tasawa da Mayahi

1.0 Gabatarwa

Wata rana da maraice, a wata fada ta samari a garin Tasawa, wani dattijo mai wucewa ya ji wani yaro ya ɗaga murya yana cewa: "Na kashe huɗu, saura guda, ya ɓuya cikin gida!" Dattijon ya tsaya cak, ya ce: "Subhanallahi! Ɗana, su wa kuka kashe?" Yaron ya miƙa masa salula, ya ce: "Baba, yi haƙuri, cikin wasa ne." A jihar Maraɗi, inda labarin ƴan bindiga a yankunan kan iyaka ba baƙon abu ba ne, tsayawar dattijon ba ta rasa dalili ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, a cikin jimlar da ta firgita shi babu kalmar aro ko ɗaya daga Faransanci ko Ingilishi, alhali wasan da ake bugawa babu Hausa a cikinsa.

Wannan muƙala ta ginu ne a kan wannan lura. Manufarta ita ce nuna cewa Hausar masu wasan harbi na intanet tana aron sunayen abubuwa cikin sauƙi, amma tana riƙe da aikatau nata na asali. Misalan sun fito ne daga abin da na saurara a fadojin samari da rumfunan cajin salula a Tasawa da Mayahi.

2.0 Wasannin da Muhallinsu

Wasannin da ake magana a kansu su ne waɗanda mutane da yawa ke shiga fage ɗaya ta hanyar intanet, kowa da surarsa, suna harbin juna. Wasu an zana su kamar majigin katun, da launuka masu haske. Brawl Stars, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ya fitar ga duniya a watan Disamba na 2018, yana cikin wannan rukuni: a wani salonsa mutum uku ke karawa da uku, a wani kuma mutum goma ke fafatawa har a bar gwani. Haka ma Fortnite na kamfanin Epic Games na Amurka, wanda ya fito a 2017. Amma wanda na fi tararwa a hannun samari shi ne Free Fire na kamfanin Garena na Singafo, wanda shi ma ya fito a 2017, domin ƙaramar salula tana iya ɗaukarsa. A cikinsa mutum 50 ke sauka da laima a kan tsibiri, filin da ke da aminci yana ta ƙanƙancewa, a gama cikin kamar minti goma.

Abubuwa biyu na wannan muhalli suna da muhimmanci ga mai nazarin harshe. Na farko, rubutun da ke kan allon wasan na Faransanci ne ko Ingilishi. Na biyu, ƴan ƙungiya suna magana da juna da baki cikin gaggawa, ko dai suna zaune a tabarma ɗaya ko ta makirufo. Ke nan ido yana karanta baƙon harshe, baki kuma yana furta Hausa a lokaci guda.

3.0 Aron Suna da Kwaskwarimar Sauti

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, da kuma baƙi da wasali da baƙi. Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su jeru a farkon gaɓa ba. Wannan ne ya sa bread ya zama burodi, driver ya zama direba. Ita wannan doka ce ke aiki a bakin masu wasa:

(1) squad ya zama sikwad
(2) Free Fire ya zama Firi Faya
(3) niveau ya zama nibo, level ya zama lebal
(4) équipe ya zama ekip, zone ya zama zon

A misali na (1) da na (2) an saƙala wasali tsakanin baƙaƙen farko. A lura cewa ba a raba /kw/ a sikwad ba, domin a Hausa baƙi ɗaya ne, kamar a kwano. A misali na (3) sautin /v/, wanda babu shi a Hausa, ya koma /b/.

Karin harshe ma yana barin sawunsa. A Hausar yankin Maraɗi, inda daidaitacciyar Hausa ke da /f/ akan sami /hw/ kafin wasalin /a/, da /h/ kafin sauran wasula: hwara maimakon fara, hita maimakon fita. Don haka akan ji Hiri Hwaya daga bakin wasu, musamman waɗanda ba su daɗe a lakwal ba, yayin da ƴan makaranta ke riƙe /f/ ɗin da suka saba da shi a Faransanci.

Game da jinsi, kalmar aro ba ta zuwa da jinsinta na gida. Zone mace ce a Faransanci, amma abin da ake ji shi ne:

(5) Zon ya matso, ku gudu!
(6) Ekip ɗinmu ta ci.

A (5) kalmar ta bi dokar Hausa ta cewa sunan da bai ƙare da wasalin /a/ ba yawanci namiji ne. A (6) kuwa jinsin mace ya samu ne ta hanyar kwaikwayon kalmar ƙungiya. Haka kuma an yi amfani da ɗin wajen mallaka, kamar yadda Hausa ke yi wa kalmomin aro masu ƙarewa da baƙi.

Akwai kuma sunayen da ba a buƙaci arowa ba, domin an aro su tun tuni har sun zama ƴan gida. Bindiga da harsashi da albarushi da ganima duk daga Larabci suka samo asali, gurneti kuma daga Ingilishi. Yaron da ya ce "na samu bindiga amma ba harsashi" yana amfani da aron kakanninsa ne ba tare da ya sani ba.

4.0 Dabarar "Yi"

Idan aka zo kan aikatau sai lamarin ya canza. Aikatau na Hausa yana da tsari mai tsauri: dole ya shiga ɗaya daga cikin azuzuwan da ke da wasalin ƙarshe da karin sauti na musamman. Baƙon aikatau ba ya shiga wannan gida kai tsaye. Abin da Hausa ke yi shi ne ta mayar da shi suna, ta ɗora shi a kan aikatau yi:

(7) Bari in yi konekte.
(8) Ka yi telesharje ɗin sabon?
(9) Salulata tana caji.
(10) Ya yi dawunlodin.

A nan akwai bambanci mai kyau tsakanin ɓangarorin biyu na iyaka. A Nijar, siffar aikatau ta Faransanci mai ƙarewa da -er ake ɗauka, wadda ake furtawa da wasalin /e/, kamar a (7) da (8). A Nijeriya kuwa sau da yawa siffar Ingilishi mai ƙarewa da -ing ake ɗauka, kamar a (10) da kuma tsohuwar kalmar fakin. Samarin Tasawa da Mayahi suna jin duka biyun, saboda zirga-zirga zuwa Katsina da Kano, da finafinan Hausa, da bidiyoyin TikTok da YouTube. Shi ya sa mutum ɗaya kan ce sharje da safe, ya ce caji da yamma.

A dukkan waɗannan jimloli, lokaci da mutum da jinsi suna kan wakilin suna da aikatau yi. Kalmar aro tana zaune ne kawai a gurbin karɓau. Aikatau na aro da suka samu cikakken zama ƴan kaɗan ne, kamar canza da caja, waɗanda ke ba da canzo, canzu, caje da caju.

5.0 Azuzuwan Aikatau a Fagen Fama

Idan aka duba misalai na (7) zuwa (10), za a ga duk sun shafi shirin shiga wasa ne. Da zarar an fara harbi, sai dabarar yi ta ja baya, umarni na Hausa tsantsa ya karɓi fage:

(11) Taho! Ɓuya! Laɓe nan! Kwanta! Tashe ni! Rufa muna baya!

Dalili na farko shi ne gajarta: umarnin Hausa kalma ɗaya ce, galibi mai gaɓa biyu. Dalili na biyu, wanda ya fi ƙarfi, shi ne tsarin azuzuwa bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960. Saiwa ɗaya tana ba da ma'anoni da dama ta hanyar canza wasalin ƙarshe da karin sauti. A ɗauki saiwar harb-, wadda a yankin ake furtawa halb-:

(12) Aji na 1: Ya harba bindiga. Hankali yana kan abin da aka harba.
(13) Aji na 2: Ya harbi mutum guda. Hankali yana kan wanda aka nufa.
(14) Aji na 4: Ya harbe mutum guda. An gama da shi.
(15) Aji na 5: Ya harbar da harsashinsa. Ya rabu da shi a banza.
(16) Aji na 6: Suna harbowa! Harbin yana nufo mai magana.
(17) Aji na 7: Ba ya harbuwa. Ya gagari harbi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bambance-bambance labari ne da abokin wasa ke buƙata nan take. Misali na (16), kalma biyu kacal, ya faɗi aikin da kuma alƙiblarsa. Babu kalmar aro da za ta yi wannan aiki da wannan sauri.

Ɗalibai su kula da wani tarko a nan. Idan karɓau wakilin suna ne, aji na 2 da aji na 4 suna zama iri ɗaya a rubuce: ya harbe shi. Karin sauti ne ke raba su. A aji na 2 karin aikatau ƙasa-sama ne, ma'anar kuma an same shi ko an nufe shi da harbi. A aji na 4 karin sama-ƙasa ne, ma'anar an kashe shi. Ga mai wasa, wannan shi ne bambancin abokin gaba da ke iya tashi da wanda ya fita daga fage. Mai tattara bayanai da ya rubuta abin da ya ji ba tare da alamar kari ba ya zubar da rabin bayaninsa.

Ninki ma yana aiki yadda aka san shi: ya kakkashe su, suna harharbinmu, don nuna yawan aiki ko yawan waɗanda aikin ya shafa.

6.0 Faɗaɗa Ma'ana

Mu koma ga dattijonmu. Kalmar kashe ba yau ta fara shiga fagen wasa ba. A dambe, idan ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa, cewa ake yi ya kashe shi, kuma wanda aka kashe yakan tashi ya kakkaɓe jikinsa. Da a filin dambe dattijon ya ji jimlar, ba zai tsaya ba. Abin da ya rasa shi ne muhallin magana, domin fagen yana cikin tafin hannun yaron, ba a gaban idon kowa ba.

Haka sauran kalmomi suka yi ƙaura daga tsofaffin fagage zuwa sabo. Ci da kaye sun zo daga dara da kokawa. Kwanton ɓauna ya zo daga yaƙi da farauta, ana faɗarsa ga wanda ya laɓe wuri ɗaya yana jiran mai wucewa. Ganima ita ce kayan da ake kwashewa daga wanda ya faɗi. Tashe ni, a misali na (11), roƙo ne ga abokin ƙungiya ya farfaɗo da wanda aka kayar kafin ya mutu. Babu wata hukuma da ta zauna ta zaɓi waɗannan kalmomi. Masu magana ne suka ga kamanci suka ɗora.

7.0 Kammalawa

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa masu nazarin harshe nauyin samar da kalmomin fannu na makaranta da ofis da fasaha. Sau da yawa akan kashe ƙarfi wajen yaƙi da kowace kalmar aro, a ɗauka cewa yawanta alamar mutuwar harshe ce. Misalan da ke sama sun nuna cewa wurin da ya kamata a sa ido shi ne nahawu. Muddin sikwad yana karɓar saƙalallen wasali, zon yana ɗaukar jinsin Hausa, konekte yana zaune a ƙarƙashin yi, kuma harbo yana bambanta da harbe, to Hausa ce ke mulki a cikin jimlar. Mai ƙirƙirar kalmomi zai fi samun karɓuwa idan ya bar sunan da ya riga ya zauna, ya nemi aikatau daga rumbun gida.

8.0 Aikin Yi

(a) Ka nemi izinin masu wasa a unguwarku, ka naɗi maganarsu ta minti goma, ka rubuta ta da alamun kari da tsawon wasali, ba tare da sunan kowa ba.
(b) Ka ware kalmomin aro, ka nuna rukunin nahawun kowace da harshen da ta fito.
(c) Ka ɗauki saiwar kam- da ɓoy-, ka fitar da azuzuwan da ka ji an yi amfani da su, da ma'anar kowane.
(d) Idan ka ci karo da baƙon aikatau da ya shiga aji kai tsaye ba tare da yi ba, ka kawo jimlar yadda take zuwa fitowa ta gaba, domin a tattauna a kanta.