Ka sa wa sabarka mai gadi kafin ranar jarrabawa

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibin garin Gammo da ya yi sammako ya biya kuɗin mota zuwa cibiya, wahalarsa ta shekara tana rataye ne a kan saba, wato babbar kwamfutar cibiyar. Kai mai kula da ita, ka girka mata manhajar sa ido.

Manhajar Zabbix kyauta ce, kuma ta wadatar. Amma kada ka ɗora ta a kan sabar da za ta yi wa gadi, domin in sabar ta faɗi, tare za su tafi, babu mai sanar da kai. Ware mata kwamfuta daban mai batirin ajiya. A kan sabar, ƙaramin wakilinta kawai za ka sa, ka buɗe masa ƙofa ta 10050.

Ka fi mai da hankali ga cikar faifai da zafin na'ura, musamman a Afrilu da zafin Kano ke kaiwa digiri 40. Saita gargaɗi ya iso wayarka ta Telegram da zarar faifai ya kai kashi 80 cikin 100.

Mako guda kafin jarrabawa, zare wayar sadarwar sabar da gangan. In saƙo bai shigo ba, gyara saitin a ranar.