Fulogi Mai Tsada, Ko Ya Cancanci Kuɗinsa?

'Yan'uwa manoma, tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, kowa na neman dabarar rage shan mai. Masu sayar da kayan babur a Dutsin-Ma da Katsina sukan nuna mana wani fulogi da ake kira iridiyam, su ce yana ƙara wa inji ƙarfi, yana kuma rage shan mai. Kuɗinsa ya ninka na fulogin da muka saba sau da yawa. To, kafin ƙungiya ta taɓa asusunta, bari mu duba.

Aikin fulogi ɗaya ne: ya ba da tartsatsin da zai kunna fetur a cikin inji. Bakin fulogi na kullum, da ƙarfen nikel ake yinsa. Na iridiyam siriri ne ƙwarai, ƙarfensa kuma ba ya saurin cinyewa, gama sai zafi ya wuce digiri 2,400 yake narkewa. Saboda haka yana daɗewa. A sababbin motoci yakan kai kilomita 100,000. Idan kamfanin da ya ƙera motar ya ce shi za a sa, a sa shi.

Amma baburan da muke hawa daga Barkiya zuwa Kurfi, da injin ban ruwa na masu noman rani a bakin madatsar Zobe, lamarinsu dabam ne. A nan ba tsufa ke kashe fulogi ba, datti ne. Ƙurar hunturu takan toshe matatar iska, fetur ya yi yawa, baƙin hayaƙi ya rufe bakin fulogin. Gurɓataccen man 'yan bumburutu ma haka yake yi. Mai tsada da mai araha, duk tare suke mutuwa. Ga kuma wata matsala: bakanikenmu ya saba kankare fulogi da waya ko ƙusa, alhali siririn bakin iridiyam ba ya jure wannan. Na jabu kuwa sun cika kasuwa, kwalinsu kyakkyawa.

Idan aka sa sabon iridiyam babur ya yi lafiya, yawanci don tsohon fulogin ya riga ya gaji ne. Da an sa sabo na kullum, haka zai yi.

Abin lura shi ne lamba. Injin ban ruwa na Honda GX160 yana aiki da NGK BPR6ES, ratar bakinsa kuma milimita 0.7 zuwa 0.8. Kowane inji da lambarsa. Wanda ya cika tsawo yana iya bugun fistin.

Ku riƙa kwance fulogi bayan inji ya huce, ku duba launinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya ke nan. Baƙi busasshe, a wanke matatar iska, a duba kabireta. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, inji na son gyara, kuma babu fulogin da zai warkar da shi. Fari fat, inji yana zafi fiye da kima, kada a ci gaba da aiki da shi.

Shawararmu ga ma'ajin ƙungiya: ya rubuta lambar fulogin kowane inji, a sayi na kullum kwali guda daga amintaccen dila kafin a fara ban ruwa. Injin niƙa mai shan gas kada a sa shi a lissafi, ba ya aiki da irin wannan fulogi.