Ƙunar Wuta da Ruwa

Da hunturu kowa yana son jin ɗumi. A lokacin ne yaro yakan faɗa wuta, ko tafasasshen kunu ya zube masa. To, me za mu yi?

Masana sun nemi amsa a jikin dabbobi, sun samo mana darasi biyu.

Na farko, ko an fitar da mutum daga wuta, zafin yana nan yana cin nama, kamar tukunyar da aka sauke tana ci gaba da tafasa. A shekarar 2008, a ƙasar Ostireliya, an gwada wannan a jikin aladu, domin fatarsu ta yi kama da tamu. Aka sa su barci, aka yi musu ƙuna. Waɗansu aka kwarara musu ruwan sanyi minti 20, waɗansu aka ɗora musu ƙanƙara. Masu ruwan sanyi suka riga warkewa. Ƙanƙara kuwa ba ta kai ruwa amfani ba.

Na biyu, idan ƙuna ta yi faɗi, ruwan da ke cikin jini yakan tsiyaye ta wurin. Jini ya ragu, mutum ya galabaita, har ya mutu. Cikin shekarun 1940 wani likita a Amurka, Sanford Rosenthal, ya ba ɓerayen da suka ƙone ruwan gishiri. Da yawa suka rayu. Yau a asibiti ana yi wa mai babbar ƙuna ƙarin ruwa ta jijiya, gwargwadon nauyinsa da faɗin ƙunar.

Ga abin da za mu riƙe. Mu kwarara ruwan sanyi mai tsabta, irin na randa, minti 20. Mu cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. Kada mu shafa manja, ko toka, ko kashin shanu. Kada mu fasa bororo. Mu rufe wurin da ƙyalle wankakke, mu lulluɓe sauran jiki kada sanyi ya kama shi. In ƙunar ta fi tafin hannunsa, ko tana fuska, sai asibiti nan da nan. A hanya, in yana iya haɗiya, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan.

Tambayoyi

1. Minti nawa za mu kwarara ruwa?
2. Don me ake yi wa mai babbar ƙuna ƙarin ruwa?
3. Faɗi abu uku da ba a shafa wa ƙuna.