Mayafin Ƙyallaye: Yadda Ake Haɗa Shi

Duk wanda ya leƙa shagon tela a Ƙofar Guga bayan sallah, zai tarar da ƙyallaye jibge a ƙarƙashin keke: atamfa, shadda, yadi, kowane launi. Wasu a cusa su a matashin kai, wasu a share a zubar. Alhali buhu guda na waɗannan ƙyallaye ya isa a fitar da mayafin da zai raba mutum da sanyin Disamba da Janairu.

Aikin ba baƙo ba ne a Katsina. Gwado da luru na kakanni ba a faɗinsu suke fitowa daga hannun masaƙi ba, sirara ake saƙa su, sannan a jera a ɗinke. Haka lifidin da ake gani jikin dawaki ranar hawan sallah, yadi ne biyu da audugar rimi a tsakani, an bi an dantse da zare. A Amurka ma akwai wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama, Gee's Bend, inda mata ke haɗa mayafai da tsofaffin tufafi, har manyan gidajen tarihi suka baje kolin aikinsu a 2002.

Mayafin ya yi kama da tsohon gari. Akwai gidaje, wato manyan yankuna masu kusurwa huɗu. Akwai lunguna, sirara da ke raba gida da gida. Inda lungu ya haɗu da lungu sai a sa ɗan ƙaramin yanki, mararraba ke nan. Daga ƙarshe a kewaye duka da ganuwa.

Kafin a ɗauki almakashi sai an yi wanki. Sabon yadi yakan tsuke in ya sha ruwa, ja da shuɗi kuma sukan zuba, musamman rinin gida. A wanke, a shanya, a goge.

Ga lissafin mayafin da zai rufe katifa mai ƙafa 4 da rabi. Ana buƙatar gida 20, a jera 4 a faɗi, 5 a tsawo. Kowane gida inci 12 ne in an gama, amma a yanka shi 12 da rabi, domin ɗinki zai ci kwata a kowane gefe. Gidan yana iya zama yanki ɗaya, ko ƙanana huɗu da aka fara haɗawa. Lunguna 49 ne, kowanne faɗinsa inci 2 da rabi, tsawonsa 12 da rabi. Mararraba 30, inci 2 da rabi ta kowane ɓangare. Gara a yanki kwali daidai kowane awo a riƙa zana shi da alli, ya fi a ɗauko tef sau 99.

Lunguna kam su zama launi ɗaya. Atamfa tana da surutu, in aka jera iri ashirin ba abin da ya raba su, ido gajiya yake yi. Yadi fili, baƙi ko ruwan toka, shi ke sa kowace ta fito.

Layi iri biyu ake ɗinkawa. Na farko: lungu, gida, lungu, gida, har a rufe da lungu. Irinsa guda 5. Na biyu siriri ne: mararraba, lungu a kwance, mararraba, har a rufe da mararraba. Irinsa guda 6. Sai a jera su a tabarma, siriri, babba, siriri, a duba launi kafin a hau keke.

A nan ne ake gane mai haƙuri. Kwatan incin nan da ake rainawa shi ne komai. Kowane layi ɗinki 8 ne a cikinsa. In mai ɗinki ya ci rabin inci maimakon kwata, layin zai gajarta da inci 4 cif, kuma ba jan da zai sa mararraba ta zauna a bakin lungunta. Dabarar ita ce a manna ɗan salatif a jikin keke, kwata daga allura, a riƙa bin gefensa. Bayan kowane layi a ɗauki dutsen guga a kwantar da bakin ɗinkin ta wajen lungu. Idan aka zo haɗa layi da layi, bakunan za su juya wa juna baya, su shige daram. A soka fil a kowace mahaɗa tukuna. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, su ne kuma ke kwana suna warwara.

In an gama, tsakiyar za ta ba da inci 58 a faɗi, 72 a tsawo.

Saura ganuwa. Kada a auna ta da gefen mayafi, domin gefe ya sha ja, ya miƙe. A auna ta tsakiya, daga sama zuwa ƙasa, a yanka dogaye biyu daidai wannan awon, faɗin inci 6 da rabi. A naɗe kowanne biyu a sami tsakiyarsa, a haɗa da tsakiyar gefen, a kafa fil, a ɗinke. Sannan a sake aunawa a kwance, a sa na sama da na ƙasa. Wanda ya ɗinka ganuwa ba awo ya datse rarar, zai ga bakin mayafinsa yana lanƙwashewa a kan gado. Awon ƙarshe inci 70 ne da 84.

Daga nan sai a shimfiɗa shafi a ƙasa, a ɗora tsohon bargo ko siririn soso, a rufa da fuskar ƙyallayen. A dantse su da manyan ɗinkin hannu, a fara daga tsakiya a nufi gefe, sannan a bi layin lunguna da keke. Shafin ya ɗara fuskar da inci 2 a kowane gefe, shi za a naɗo gaba a kalmashe bakin da shi.