Shekara nawa kifi yake yi kafin ya komo?

Kogin Komadugu yana ratsawa ta gefen garin Difa, ya je ya faɗa tabkin Cadi kusa da Boso. Ruwansa daga Najeriya yake fitowa. Da kaka yakan cika, ya malala cikin fadamu da ƙananan tabkuna. A nan karfasa da tarwaɗa suke hayayyafa.

Mutane sun taɓa rayuwar wannan kogi. An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, a ƙasar Kano, sai ruwan da ke gangarowa ya ragu. Wasu masunta kuma suna su da koma mai ƙananan idanu, wadda ba ta barin ko ƴaƴan kifi.

In kifi ya ragu, shekara nawa zai yi kafin ya komo? Masana suna neman amsa da lissafin kwatance. Sukan duba abu uku: yawan kifin da ya rage, saurin haihuwarsa, da iyakar abin da ruwan zai iya ciyarwa.

Ga misali. A ce wani tabki yana ɗaukar kifi 1.000, ba ya wuce haka. A ce kuma kifin yana ninkuwa sau biyu kowace shekara, in an bar shi ya huta.

In masunta sun bar 250, baɗi za su zama 500, baɗin baɗaɗa 1.000. Shekara 2 ke nan.

In sun bar 30 kaɗai, lissafin zai tafi haka: 60, 120, 240, 480, 960. Shekara 5 sun wuce, tabki bai gama cika ba.

In ba su bar ko ɗaya ba, babu abin da za a ninka, sai in ambaliya ta kawo wani kifi daga kogi.

Da irin wannan lissafi ake auna murjani a teku. Murjani ƙananan halittu ne masu rai, suna gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa, kamar a gaɓar Ostareliya. Ƙazantar birane, da su da nakiya, da ɗumamar ruwa suna kashe shi. Girmansa a hankali ne: mai rassa yakan ƙaru da wajen santimeta 10 a shekara, mai dunƙule kuwa wajen santimeta 1. Ko mai saurin girma sai ya yi shekara 10 zuwa 15 kafin ya farfaɗo.

Manomin tattasai ba ya sayar da irinsa duka. Kifin da masunci ya bari a ruwa, shi ne irinsa na baɗi.

Tambayoyi

1. Ina Komadugu yake ƙarewa?
2. Waɗanne abubuwa uku masana suke dubawa?
3. In an bar kifi 125, shekara nawa tabkin zai yi kafin ya cika?
4. Ku tambayi masuntan garinku irin komar da suke aiki da ita.