Shawarwari Bakwai Don Kintsa Ɗakin Sana'a

Daga Maijirgi zuwa Tasawa har Mayahi, inda Gulbin Kaba ya wadata mu da goriba, gidaje da yawa da saƙar tabarma da faifai ake rufa wa kai asiri, wasu kuma da ɗinki. Sai dai sau tari tun a cikin ɗaki riba take zurarewa: gara ta ci kaba, zare ya harɗe, basilla ta ɓace ana gobe kasuwa. Duk na sha wannan, 'yar'uwa, ga abin da ya fisshe ni.

1. Fito da komai tsakar gida, ki kasa uku.
Kashi ɗaya na aikin da ke hannu, ɗaya na ajiya, ɗaya na rabuwa. Abin da damina biyu ta wuce ba ki taɓa shi ba, ki sayar ko ki ba yarinyar da ke koyo. Wuri kawai yake cinye miki.

2. Ɗaga kaba daga ƙasa.
Ki ɗaure ta dami-dami ki rataye, ko ki ɗora ta kan katako bisa bulo huɗu, nesa da bango. Gara ta ƙasa da jikin bango take biyowa. Daga Yuni zuwa Satumba kuma, sanyin daɓe kaɗai ya isa ya sa ta fumfuna.

3. Raba rinanniya da fara.
Ja da kore suna zuba a jikin fara da zarar laima ta taɓa su. Ki bari rini ya bushe sarai kafin ki ɗaure, sannan ki ajiye a inuwa, don rana tana koɗar da launi.

4. Kada ki yar da gwangwani.
Na madara da na tumatir, in an wanke an shanya, sun ishe ki: wannan na maɓalli, wancan na allura da basilla. Masu tsini su hau sama inda hannun yaro bai kai ba. Almakashi da aska kuwa ki kafa musu ƙusa, kowanne da tasa.

5. Buhu ɗaya tak na guntaye.
In ya cika, aiki ya samu: guntun ƙyalle ya zama cikon matashi, guntuwar kaba ta zama mafici ko igiya. Kada ki buɗe buhu na biyu sai na farko ya ƙare.

6. Rufe keken ɗinki.
Ƙurar hunturu in ta haɗu da man keke, laka take zama a cikin injin. Tsohon zane ya isa murfi. Ki goge keken, ki ɗiga masa mai duk mako.

7. Abin da aka gama ya samu mazauninsa.
Naɗe tabarmi ki jera su a sama, faya-fayi kuma a zura musu igiya a rataye. Aikin mutane ki sa shi a adudu daban, da busasshen ganyen bedi saboda ƙwari, kowane ɗauri da alamar mai shi.

Kullum kafin kiran magariba, ki mayar da kowane abu wurinsa tun da sauran haske. Da safe kina shimfiɗa tabarma sai saƙa, babu neman basilla.