Yadda Ake Hana SQLite Karɓar Duk Abin Da Aka Miƙa Masa

SQLite, wanda D. Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, rumbun bayanai ne da ke zaune a cikin manhaja ita kanta, ba ya buƙatar wata kwamfuta ta daban da za ta riƙe shi. Yana cikin wayoyin Android da iPhone. Amma yana da wani hali na kara: in ka ce layi kaza na lambobi ne, sannan ka zuba masa rubutu, ba zai ce uffan ba. Zai gwada mayar da rubutun lamba, in bai yiwu ba ya ajiye shi yadda ya zo. Ga mai rubuta manhajar lissafin shago ko ta adashi, wannan karar asara ce.

Matakin farko, ka san yadda yake karanta sunan nau'in da ka ba kowane layi. Ba ya duba ma'ana, haruffa yake bi. In ya ga INT a cikin sunan, sai ya karkata ga cikakkiyar lamba. In ya ga CHAR ko CLOB ko TEXT, rubutu ne. In ya ga REAL ko FLOA ko DOUB, lamba mai ɗigo ce. BLOB, ko rashin suna gaba ɗaya, na nufin a bar abu yadda yake. Duk sunan da bai faɗa cikin waɗannan ba, NUMERIC ne. A nan mutane ke faɗawa rami. Wanda ya rubuta STRING yana zaton ya ce rubutu, alhali babu CHAR babu TEXT a ciki, don haka layin ya zama na lamba. Sai a shigar da lambar wayar Najeriya mai farawa da 080, SQLite ya ga ta yi kama da adadi, ya yar da sifirin farko. Haka ma VARCHAR(10) ba ya hana kowa zuba haruffa dubu.

Na biyu, ka binciki abin da ya riga ya shiga. Umarnin `SELECT typeof(kudi), count(*) FROM ciniki GROUP BY 1;` zai nuna maka nau'o'in da ke kwance a layin kuɗi. In ka ga text a wurin, to wani ya taɓa rubuta abu kamar 5,000 da waƙafi, kuma an ajiye shi a matsayin rubutu. Ɓarnarsa biyu ce. Wajen tara jimilla, sum zai karanta har inda waƙafin yake ya tsaya, dubu biyar ta koma biyar. Wajen kwatanci kuwa, SQLite na ɗaukar kowane rubutu ya fi kowace lamba girma, sai ka nemi cinikin da ya haura miliyan, wannan dubu biyar ɗin ta fito a ciki. Gyara waɗannan ɗaya bayan ɗaya kafin ka matsa.

Na uku, duba sigar da kake aiki da ita da `SELECT sqlite_version();`. Tebur mai tsauri, wato STRICT, wanda ke ƙin bayanin da bai dace da nau'in layinsa ba, ya zo ne a siga ta 3.37.0, a watan Nuwamba na 2021, kuma tsofaffin sigogi ba sa gane shi. In masu amfani da manhajarka tsofaffin wayoyi gare su, ka haɗa taka sigar a cikin manhajar.

Sai gina teburin: `CREATE TABLE ciniki_sabo (waya TEXT, kudi INTEGER NOT NULL) STRICT;`. Kalmar ƙarshen nan ita ce maganin. Daga nan dole kowane layi ya zama yana da nau'i, kuma shida kaɗai aka yarda da su: INT, INTEGER, REAL, TEXT, BLOB da ANY. Babu DATE, don haka kwanan wata a rubuce ake ajiye shi, ko a ƙidayar daƙiƙoƙi. Kuɗi kuwa, shawarata ka ajiye su a kwabo cikin INTEGER, domin REAL ba ya riƙe wasu adadi masu ɗigo daidai wa daida.

Ba a mayar da tsohon tebur mai tsauri da umarni ɗaya. Ka ajiye kwafin fayil ɗin tukuna, ka buɗe aiki da BEGIN, ka kwashe bayanai zuwa sabon da INSERT da SELECT, ka goge tsohon, ka ba sabon sunansa, ka rufe da COMMIT. In akwai saura gurɓatacce, kwashewar za ta tsaya da saƙon kuskure, kuma abin da ake so ke nan.

Sai dai kada ka saki jiki. Tebur mai tsauri yana juya abin da zai juyu ba tare da asara ba: rubutun 123 zai shiga layin INTEGER a matsayin lamba, 5,000 ne za a ƙi. Kuma in manhajarka ta riga ta mayar da lambar waya adadi kafin ta miƙa ta, layin TEXT zai karɓa ba sifiri. Wannan sai ka toshe shi da sharaɗi irin `CHECK (length(waya) = 11)`, tun a wurin gina teburin.